Afendis a Makon da Inna ta Sauka Gidanmu

Assalamu alaikum. Yanzu da Malam ya koma hawa babur, wurin ɗinkin kuma ya zama tabo, na ga ya dace in rubuta yadda ciwon afendis ya kusa raba mu da shi alhali muna gida ɗaya, ina ganinsa safe da yamma. Aikina karanta labarai ne a gidan rediyo a nan Dutse, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Saboda haka abin da na gani zan ce na gani, abin da likita ya faɗa zan ce shi ya faɗa.

Mijina, Malam Sale, malamin dabbobi ne. Bafulatani ne daga wani ƙauye a ƙasar Taura, aikinsa bin rugage a kan babur yana yi wa shanu allura. Mutum ne da in ƙaya ta soke shi sai dai ka ga jini a takalmi, ba dai ka ji daga bakinsa ba. A Limawa muke zaune, gidan haya mai ɗaki biyu a ciki da ƙaramin ɗaki ɗaya a zaure.

A ƙarshen damina aka yi wa mahaifiyata, Inna, aikin yanar ido. Ita a Kiyawa take. Likitan ido ya ce a riƙa kawo ta ana dubawa, kuma ta nisanci hayaƙin murhu. Malam da kansa ya ce ta zauna wurinmu har ta warke. Inna ta ƙi. Ta ce, "Ni in kwana a gidan suruki? Sai ka ce ba ni da dangi a gari." Da ƙyar na shawo kanta, don babu wanda zai riƙa ɗiga mata magani a kan lokaci in ba ni ba.

Tun ranar da Inna ta sauka, Malam ya kwashe tabarmarsa ya koma ɗakin zaure, ni kuma na koma ɗakin da take. Ya daina cin abinci a cikin gida. Nakan zuba masa a kwano in kai zaure, ya fita da shi dakalin ƙofar gida su ci da maƙwabta. In dole ta sa zai shigo, tun daga bakin zaure yake cire takalmi, ya rusuna, ya ratsa tsakar gida a duƙe yana gaisuwa. Inna kuma ta kau da fuska ta amsa wa bango. Ba ya faɗin sunanta, ba ta faɗin nasa. "Mai gidan nan" take cewa. Wannan kunya ce ta surukai, muka tashi muka tarar da ita, kuma babu wanda ya ga aibunta a cikinmu.

A mako na biyu da saukar Inna, wata rana da yamma na kai masa kwano, ya ce, "Cikina ne yake ɗan murɗawa, nan wajen cibiya. Ina jin nonon da aka ba ni a ruga ne ya kwana." Ya je kemis, aka ce olsa ce, aka ba shi ruwan magani fari da ƙwayoyin kashe zafi. Washegari ya fita aiki kamar kullum. Kwano ya ci gaba da dawowa a suɗe. Na kuma lura rusunawarsa ta ƙaru: yana ratsa tsakar gida a lanƙwashe sosai, hannunsa na dama dafe da gefen riga kamar mai tsoron wani abu ya faɗo daga aljihu. Ladabi na gani, har na ji daɗi a raina.

Inna ce, da ido ɗaya a rufe da auduga, ta kira ni wata safiya.

"Ke Bilki, zo nan. Mai gidan nan lafiya yake?"

"Lafiya lau, Inna."

"Tafiyar nan ba tasa ba ce. Ƙafa ɗaya yake ja. Jiya kuma na ji tari ya taso masa ya haɗiye shi."

"To in ya shigo ki tambaye shi mana."

"Ni? Allah ya sawwaƙe. Ke da aka kai boko har kunyar kika baro can?"

Na leƙa zaure. Babur yana nan a jingine, rana ta ɗaga. Na tarar da Malam kwance ta gefe, ya naɗo gwiwar dama zuwa ciki, jikinsa da ɗumi. Na ce me ke faruwa. Ya ce, "Ba komai. Ya bar cibiya ne ya dawo nan gefe. Ki rage murya, tana ji." Da na fita ƙofar gida neman a-daidaita-sahu, mai shagon da ke jikin gidanmu ya ce, "Malama, Allah ya saka da tuwo. Ai kwana biyun nan mu muke cinyewa, Malam ko loma ba ya kaiwa baki." A lokacin na san kwanon da ke dawowa a suɗe bai taɓa gaya mini komai ba.

Na ce asibiti. Malam ya ce in Allah ya kai mu gobe, yanzu ya riga ya kira yayansa. Kafin azahar Hamma Usmanu ya iso daga Taura da jarka a ɗaure bayan babur. Hamma, wato yaya a Fulatanci, shi ne babba a gidansu, kuma magana tasa ce. Ya dafa cikin, ya girgiza kai.

"Basir ne, Malama. Duk gidanmu muna da shi. Ciki ne ya cushe, a wanke shi kawai."

Ya zuba masa jiƙo mai ɗaci a kofi. Ita ma Inna ta sa na dafa ruwa, ta ba ni tawul, ta ce, "Ki kai a gasa masa wurin. Kada ki ce ni na ce." Ina da labaran yamma, na bar su a kan haka na tafi aiki. Da na dawo kafin magariba na tarar da Malam a zaune ya jingina da bango, fuskarsa a sake. Ya ce ciwon ya lafa, kamar an zare ƙaya. Hamma yana murmushi ya ce, "Kin gani? Ku 'yan boko da an ce ciki sai ku ce wuƙa." Ni ma hankalina ya kwanta.

Da gari ya waye, lamari ya juye. Zazzaɓi mai zafi, amai, ciki ya yi tauri kamar allo, ko rigarsa ta taɓa wurin sai ya runtse ido. Duk da haka ko nishi bai yi ba, kuma yana cewa a jira rana ta yi sanyi. Ina cikin gardama da Hamma sai na ji takun Inna. Ta zo bakin ɗakin zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta juya baya, ta fuskanci bango, ta ɗaga murya.

"A gaya wa mai gidan nan, in kunyata ce ta hana shi tashi, na yafe masa ita. In kuwa ba a tafi asibiti yanzu ba, zan ɓalle abin nan na ido in taka da ƙafata zuwa Kiyawa, ya samu gidansa ya yi ciwonsa."

Can Malam ya ce, "To."

Hanyar asibiti ba ta da nisa, amma duk ramin da a-daidaita ta faɗa sai na ji yatsunsa sun nutse a hannuna. A asibiti aka ce sai an yanki kati, layin kati kuwa ya kai har gindin bishiya. Ina tsaye a layi, Malam yana duƙe a kan benci, wata nas mai wucewa ta dube shi sau ɗaya ta ce a shigo da wannan, kati ya biyo baya. Ban san sunanta ba, Allah ya san ta.

Likitan matashi ne, ba ya gaggawar magana. Ya tambayi inda ciwon ya fara da inda ya koma. Ya tambaye ni yaushe ya daina cin abinci, na ce sai dai a tambayi mai shago. Ya danna gefen hagu a hankali, ya danna na dama, ya saki hannunsa farat ɗaya. Malam ya ce, "Wayyo Allah!" Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Likita ya ce, "Afendis ne, kuma ina kyautata zaton ya fashe. Yau za a yi aiki." Aka sa masa ƙarin ruwa, aka ɗebi jini, aka tura mu hoton ciki a wani wuri a waje don na'urar asibitin tana jiran gyara. Mutumin da ba ya iya miƙewa aka sake ɗora shi a a-daidaita, je ka dawo. Wannan har yau ina jin haushinsa.

Da aka zo sa hannu a takardar amincewa da aikin, Hamma ya ce bai yarda ba. "Ba a taɓa yanka kowa a gidanmu ba. Jiya fa ya ji sauƙi, a ƙara masa jiƙon mu gani." Ni kuma na ce wa likita, "Ka yi mana bayani yadda ko a rediyo na faɗa, tsohuwa a ƙauye za ta gane." Sai ya zare safar hannunsa ta roba, ya kama ƙaramin yatsanta ya nuna mana.

Ya ce a gefen dama na ciki, can ƙasa, inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba, akwai wani ɗan reshe kamar wannan yatsan. Kowa da shi aka haife shi. Baki ɗaya gare shi, ƙarshensa a rufe, kamar lungun da ba ya ɓullewa. Kullum yana fitar da wani yauƙi da ke gangarawa cikin hanji. Ciwo yana farawa ne ran da bakin ya toshe. Abin da ya fi toshe shi, in ji shi, ɗan guntun bayan gida ne da ya bushe ya yi tauri, ko kuma kaluluwar da ke jikin reshen ta kumbura bayan wani zazzaɓi ko ciwon ciki, wani lokaci kuma tsutsar ciki. Sau da yawa ma ba a gano takamaiman abin da ya jawo.

Hamma ya ce, "Ba tsakuwar shinkafa ba ce? Ko 'ya'yan gwaba?"

Likita ya ce da wuya ƙwarai, mutane dai sun riƙe hakan. Ya hura safar, ya matse gindin yatsan da hannu. Ya ce da zarar baki ya toshe, yauƙi ya rasa hanya, ƙwayoyin cutar da dama suke zaune a hanji su samu ɗaki a rufe su yi ta hayayyafa. Reshen ya kumbura, shi ne murɗawar da ake fara ji wajen cibiya, tare da ƙin abinci da tashin zuciya. In kumburin ya kai ga taɓa bangon ciki, sai ciwon ya tattara ya koma gefen dama, ya zama tari ko gargadar hanya azaba ne. In aka ƙara jinkiri, kumburin ya matse jijiyoyin da ke kai wa reshen jini, naman ya mutu, ya ɓule.

"Sauƙin da kuka gani jiya," in ji shi, "mai yiwuwa lokacin da ya fashe ke nan. Abin da ya cika ya samu hanya, dole a ji sanyi. Amma mugunyar cikin ciki ta zube. Maganin wankin ciki da gashi ba sa buɗe bakin nan, sai dai su ci lokaci, wani sa'in ma su ƙara tunzura shi."

Duk da haka Hamma bai ce a yi ba. Malam ne daga kan gado, da murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Hamma, ran da jar saniyarka ta kumbura tana shirin faɗuwa, jiƙo muka ba ta, ko huda ta na yi?" Hamma ya dube shi, ya dubi likita, ya ce, "Ina ake ba da jinin? A fara da ni."

Bayan la'asar aka fito da shi, da doguwar tsaga a ciki, roba ɗaya a hanci, ɗaya a gefe tana zubar da ruwa mai wari cikin leda. Likita ya nuna mana abin a kwalba. Bai fi ɗan yatsa ba, ya yi baƙi, ga huda a jikinsa, ga wata 'yar ƙwallo mai tauri kamar ƙwayar gujjiya da aka samu a bakinsa. Ya ce da a ranar da ciwon ya koma gefe muka zo, da ƙaramin aiki ne, kwana kaɗan mu koma gida. Yanzu kuwa sai da aka wanke cikin gaba ɗaya.

Makon farko a asibiti babu ci babu sha, sai ƙarin ruwa da allurai. Aka ce sai hanji ya farka, alamar farkawarsa kuwa ita ce mara lafiya ya yi tusa. Inna takan zo dubiya da baƙin tabaranta, ta zauna a tabarma can gefen ƙafar gado, ta ba shi baya. Babbar nas ɗin ɗakin, wata mai murya kamar lasifika, ta shigo da safe ta ce, "Malam Sale, ka yi tusa?" Malam ya ja mayafi ya rufe fuska. Inna ta miƙe ta ce, "Bari in ga ko an kira salla." Hantsi ne.

Washegari ma amsar a'a ce, ciki kuwa ya fara ɗaurewa, likita ya fara maganar sake hoto. Nas ɗin ta tsaya ta dubi tabarmar da ta cika da 'yan dubiya, ta dubi Malam, ta ce, "Af! Riƙewa kake yi ko? Kowa ya fita. Hajiya, har ke. Yau iskar nan ta fi gaisuwarku amfani." Ta sa Hamma ya kama shi suka yi ta zagaya ɗakin a hankali. Muna zaune a baranda, can nas ta leƙo ta ɗaga mini babban yatsa. Inna ta matso kusa da kunnena.

"An samu?"

"An samu, Inna."

"Alhamdulillahi." Ta kwance bakin zaninta ta aika a sayo ƙosai a raba sadaka.

Mako na biyu ya fi ba ni wahala. Zazzaɓi ya dawo, wurin ɗinkin ya yi ja ya fara tsatsafar mugunya. Aka warware zare ta ƙasa aka bar wurin a buɗe, kullum da safe a wanke a cusa auduga. Likita ya ce haka kan faru in afendis ya riga ya fashe, ba sakaci ba ne, kuma na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce auduga da safar hannu da filasta duk sai mai jinya ya tsallaka titi ya sayo, wani lokaci ana tsakiyar wanki. Hamma ya koma Taura ya sayar da sa ɗaya ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Shi ne kuma na kama yana ƙoƙarin ɗura wa Malam kindirmo a ɓoye tun ba a ba da izinin ko kunu ba. Na gode masa, na kuma ƙwace ƙwaryar.

A wannan makon ne, wata rana da muka samu kanmu mu biyu, na ce wa Malam, "Kai da kake duba cikin dabba kullum, ba ka gane ba?" Ya ce, "Na yi zargi tun ranar da ya koma gefe." Na ce to me ya hana ka faɗa. Ya ce, "Inna tana gidan da ido a rufe, baƙuwata ce, sai kuma a ce mai gida ya kwanta ana jinyarsa a gabanta?" Ba ƙarya ya yi ba, haka aka rene shi, kuma don irin halin nan na aure shi. Sai dai hanji bai san suruka ba.

A mako na uku aka sallame mu, da sharaɗin zuwa wanki, da barin babur da ɗaukar kaya masu nauyi har sai likita ya yarda. Wata guda yana salla a zaune.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Ciwon da ya fara wajen cibiya ya koma gefen dama ta ƙasa, mutum ya ƙi abinci, tari ko tafiya suna ƙara masa zafi, asibiti ake kai shi a ranar. Kada a ba shi maganin wankin ciki, kada a gasa, kada a cika shi da abinci ko ruwa kafin likita ya gan shi, domin mai yiwuwa aiki za a yi. In ciwo mai tsanani ya lafa farat ɗaya, a ƙara sauri, kada a cire takalmi a zauna. Ban ce a bar kunya ba. Na ce in a gidanku akwai wanda ba ya iya cewa wayyo, to a sa masa ido fiye da mai raki. Allah ya saka wa likitan nan da nas-nas ɗin da alheri, waɗanda ke kwance a gadajen da muka baro kuma Allah ya tashi kafaɗunsu.

Ranar sallama na riga su zuwa gida don in gyara ɗaki. Na tarar da Inna ta ɗaure kayanta a tsakar gida, ta yafa mayafi.

"Inna, ina za ki? Ai ba a gama duba idon ba."

"Gidan kawunki. Matarsa za ta ɗiga mini maganin, na koya mata."

"Haba Inna, yau da zai dawo?"

"Yau ɗin. Mai ciwo yana bukatar gidan da zai yi nishi a ciki."

Na roƙe ta, ta ƙi. Har yau in ta zo Dutse da hantsi take shigowa, kafin la'asar ta tafi, ba ta ƙara kwana a gidana ba. Na raka ta bakin titi, a-daidaitarta tana tashi tasu Malam tana shigowa layi. Hamma ya riƙo shi suka ratsa zaure. Malam ya tsaya ya dubi tsakar gida, ya dubi ƙofar ɗakin da Inna ta zauna, ya ce tana ina. Na gaya masa. Sannan ya zauna a bakin tabarma da takalmansa a ƙafa, ya dafe ɗinkin, ya saki wani dogon nishi da na tabbata mai shago ya ji, ya ce, "Bilki, wurin nan yana mini ciwo ƙwarai. A dama mini kunu."